Ƴaƴan soja: kada a jira sai sun zama marayu



Matafiyin da ya fito daga Tasawa ya miƙi hanyar Damagaram, ba zai yi nisa ba sai ya ratsa Maijirgi. Masana tarihi sun san garin da kabari biyu. A nan aka binne Kapitan Voulet da Kapitan Chanoine, Faransawan nan da suka ratso ƙasar Hausa da wuta da harsashi a shekarar 1899, suka yi ɓarna a Birnin Ƙonni, suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Ranar 14 ga Yuli na wannan shekara Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb a Dankori, wanda Faransa ta aiko don ya tsayar da su. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya masu bakin bindiga, suka gama da su.

Littattafai sun ba da labarin hafsoshin nan dalla-dalla. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne labarin ƴaƴan waɗancan sojojin baƙar fata, waɗanda da yawansu daga ƙasar da ake kira Mali a yau aka kwaso su. Wa ya ci da yaran da suka baro a gida? Wa ya amsa masu sa'ad da suka tambayi ina ubansu? Fiye da shekara 120 ke nan, amma tambayar tana nan. Bambancin kawai shi ne, sojan yau ɗan ƙasa ne, ƙasarsa yake tsaro, kuma ƴaƴansa suna nan cikin Maijirgi da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, suna jiran komowarsa.

Daga Saudiyya zuwa Inates

Rundunar sojan Nijar, wadda aka kafa ranar 1 ga Agusta 1961, ta daɗe tana tura ƴaƴanta nesa da gida. An tura su Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990 da 1991. An tura su Kodibuwa bayan rikicin da ya ɓarke can a 2002, an kuma tura su Mali daga 2013. Amma tun ranar 6 ga Fabrairu 2015, da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, fagen daga ya shigo cikin gida. A watan Afrilu na wannan shekara aka rasa soja 46 a tsibirin Karamga na tabkin Cadi. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka rasa 71 a Inates, bayan wata guda kuma, ranar 9 ga Janairu 2020, aka rasa 89 a Shinagodar. Jihar Maraɗi ma ba ta tsira ba, don kuwa saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane aka girke dakarun Farautar Bushiya wajen Madarunfa da Gidan Rumji.

A shekarar 2020 gwamnati ta bayyana niyyar ninka yawan soja daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Waɗanda ake ɗauka kuwa samari ne, masu shekarun aure da haihuwa. Ke nan kowane sabon ɗauka na soja ko jandarma ko gardi yana nufin ƙarin gidajen da za a wayi gari uba ba ya nan. Kuma da yake haya a birni tana da tsada, sau da yawa in aka tura mutum daji sai ya maida iyalinsa ƙauye wurin mahaifansa. Daga Tasawa zuwa Diffa ya fi kilomita 500, zuwa Yamai ya fi 700, balle iyakar Mali. Wannan ba tafiyar da za a ce a leƙo gida ran Juma'a a koma ba ce.

Idan soja ya faɗi, ƙasa ta san abin da za ta yi. Bayan Inates an yi zaman makoki na kwana uku, an sassauto tuta, shugabannin ƙasashen Sahel sun zo Yamai sun tsaya bisa kaburbura. A ƙauye ma haka ne: a zo gaisuwa, a kawo hatsi, a shafa kan maraya. Duk wannan daidai ne, kuma hakki ne. Sai dai a bayan kowane soja guda da ya faɗi akwai ɗaruruwa da suke raye a bakin aiki, ƴaƴansu kuwa ba marayu ba ne balle a tausaya masu, ba kuma su da uba a gida balle ya tsaya masu. Waɗannan yaran ne maganar wannan mako.

Tafiyar soja da tafiyar ci-rani

Wani zai ce mene ne sabo a nan? Ƙasar Tasawa da Mayahi ta saba da rashin maza. Da an gama girbi samari su kama hanya, wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas ko Libiya, wasu wurin haƙar zinariya. Mata da tsofaffi su riƙe gida har damana. Gaskiya ne. Amma tafiyar soja ta bambanta da ta ɗan ci-rani ta fuska uku.

Na farko, ɗan ci-rani yana da lokaci. Yaro ya san da hadari ya fara haɗuwa ubansa zai komo shuka. Soja ba ya bin damana, ba ya bin salla. Ana iya cewa wata shida, ya zama tara. Ana iya ba shi hutu, a soke ran da zai taso. Yaro kuwa yana iya jure jira mai tsawo in ya san ƙarshensa. Jiran da ba shi da rana shi ke cin zuciya.

Na biyu, ɗan ci-rani ana samunsa a waya. Soja sau da yawa yana inda babu rezo, ko inda aka hana shi faɗin wurin da yake. Sati biyu ko uku sai su wuce ba a ji muryarsa ba, kuma cikin wannan shiru ne rediyo zai ce an kai hari.

Na uku, kuma shi ya fi muni, mutane suna ɗaukar gidan soja gidan albashi ne. In ana rabon taimako a tsallake shi. In ana neman gudummawar biki ko ta masallaci a fara da shi. Ba wanda ke tunanin tambayar matar soja ko an ɗora tukunya, don ai mijinta ma'aikacin gwamnati ne. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Cikin gida guda

A ɗauki misalin gida guda, irin wanda mai karatu ba zai rasa saninsa a garinsu ba. Maigidan kaporal ne, yana wajen Diffa. Matarsa tana zaune gidan surukai da yara uku: yarinya mai shekara 12 a aji shida na firamare, yaro mai shekara 8, da wani na goye. Ragamar gidan tana hannun wan mijin.

A fara da kuɗi. Albashi yana faɗawa banki ƙarshen wata, mai shi kuwa yana daji. Sai ran da ya samu shiga gari zai aiko ta Nita ko Amana ko Al Izza, kuma da sunan wansa zai aiko, don shi ke da katin shaida, shi ke zuwa Tasawa ran kasuwa. Kafin kuɗin su iso ɗakin matar sun bi ta hannuwa da yawa: maganin tsoho, takin gona, kayan ɗakin ƙanwa, bashin da aka ci a bazara. Ba lalle ne a ce wan ya ci amana ba. Albashin ƙaramin soja ne ake so ya ci da mutum ashirin. Amma sakamakon ɗaya ne: abin da ya rage wa yaran bai wuce kuɗin ƴan tiyoyin hatsi ba. Ita kuma kunya ba za ta bar ta ta ce, «Yaya, nawa aka aiko?» ba. In mijin ya samu kira na minti biyu, ba za ta ɗora masa damuwa yana bakin wuta ba. Sai ta ce, «Lafiya lau muke, ka kwantar da hankalinka.»

Sai gona. Hannun mijin ya fita daga gandu, gamanar matar kuma tana son noma. Wa zai cike gurbin? Yarinyar. An buɗe lakwal a Oktoba, daidai lokacin roron wake da cirar gujiya, sai a ce ta dakata a gama. In an gama a ɗora mata tallar ƙosai don a samu na cefane. Ta koma aji a makare, ta kasa kamo sauran, a ce ba ta da kai. Daga nan maganar aure ba ta da nisa, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 ana yi masu aure kafin su cika shekara 18. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamba 2017 don kare karatun ɗiya mace tana nan bisa takarda, amma uban da zai buga ƙasa ya ce ɗiyarsa sai ta yi karatu yana bayan buhunan rairayi a bakin Komadugu.

Sai yaron. Shi ba ya talla, ba ya daka, don haka ana ganin ba abin da ya dame shi. Ya tambayi uwarsa sau ɗaya, «Inna, yaushe Baba zai komo?» Ta ce, «Ya kusa.» Ya sake tambaya bayan wata guda, aka ce ya cika surutu. Daga ranar bai ƙara ba. Amma da maraice yana zuwa rumfar mai cajin waya, inda samari ke taruwa. Ran da aka kai hari, kafin gwamnati ta yi sanarwa hotuna sun cika WhatsApp da Facebook: motoci a ƙone, gawawwaki cikin kaki. Samari suna miƙa wa juna waya suna salati. Ba wanda ya lura da ƙaramin yaron da ya kutsa kai tsakaninsu, yana bin fuskokin matattu ɗaya bayan ɗaya, yana neman ta ubansa.

Daren nan ba zai yi barci ba. Wataƙila ya yi fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara huɗu. Da safe ya yi gyangyaɗi a aji, ko ya kama ɗan'uwansa da kokawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mushe, da ke fama da yara fal ɗaki, ya ce ɗan soja ne, taurin kai gado ne, ya zabga masa bulala. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma sai an samu mai duban fuskar.

Abin da wasu ƙasashe suka gano

Wannan ciwo ba na Nijar kaɗai ba ne. Amurka, da ta yi shekaru tana tura sojoji Iraki da Afganistan, ta sa masana sun bi diddiginsa. A 2010 masu bincike na cibiyar RAND suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa yara wajen 1,500 masu shekara 11 zuwa 17, tare da waɗanda ke riƙonsu a gida. Sun samu cewa ƴaƴan soja sun fi sauran tsararsu damuwar zuciya. Sun samu cewa gwargwadon yawan watannin da uba ko uwa ya yi ba ya nan, gwargwadon wahalar yaron. Sun kuma samu wani abu da ya kamata a riƙe da kyau: halin da mai riƙon yaron yake ciki yana tafiya tare da halin yaron. In hankalin uwa a kwance yake, yaro yana jurewa. In uwa tana kwana kuka, yaro ma yana rushewa, ko da ba ta gaya masa komai ba.

Ma'anar wannan a Maijirgi a fili take. Wanda ke son taimakon ɗan soja, ya fara da uwarsa.

Amurka ta ware watan Afrilu don ƴaƴan soja tun 1986. Ingila tun 2011 tana ba makarantun gwamnati ƙarin kuɗi bisa kowane ɗan soja da ke cikinsu, don a samu mai kula da shi lokacin da mahaifinsa ba ya nan. Faransa kuwa tun 1917 ta yi dokar ɗaukar nauyin marayun yaƙi. A duba tazarar shekarun nan: ko a ƙasashe masu arziki, an daɗe da tuna maraya kafin a tuna da ɗan wanda ke raye. Nijar ba ta da kuɗin Ingila, amma tushen abin da Ingila ta yi ba kuɗi ba ne. Kafin makaranta ta karɓi ko dala, sai ta san su wane ne ƴaƴan soja a cikinta. Sanin nan kyauta ne.

Ba sai an je Turai ba ma. Malamai sun san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa wanda ya tsaya wa iyalin mayaƙi da alheri a bayansa yana da rabo cikin ladan yaƙin. Sun san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyadina Ali a Madina lokacin yaƙin Tabuka don ya kula da iyali, ya kuma bar Sayyadina Usmanu ranar Badar don jinyar matarsa Ruƙayya, aka ba shi kasonsa kamar wanda ya halarta. An kuma ruwaito cewa Sayyadina Umaru ya ƙayyade watannin da mayaƙi zai yi bai ga iyalinsa ba. Tun farkon Musulunci an ɗauki tsaron gidan mayaƙi wani sashe na yaƙin. Abin mamaki shi ne yadda ake yawan jin wa'azin shahada, ba a cika jin wannan ba.

Hukuma ma tana da nata dalili, ko da ba don lada ba. Masu shekaru suna tune da watan Fabrairu 1992, zamanin riƙon ƙwarya na Firaminista Amadu Shefu, da ƙananan sojoji suka yi bore a Yamai saboda bashin albashi, har suka kame gidan rediyo. Suna tune da boren Diffa na 2002, shi ma a kan kuɗi da halin rayuwa. Ba wanda zai yaba bore, amma darasinsa a bayyane yake: mutumin da ya san tukunyar gidansa a kife take, rabin hankalinsa ne kawai ke bisa bindiga.

Kowa da rabonsa

Masu karanta wannan shafi yawancinsu ƴan kasuwa ne da ma'aikata. Su ne kuwa matar soja da ƴaƴanta ke cin karo da su kullum, a kanti, a lakwal, a likita, a ma'aikatar magajin gari. Don haka maganar ta fi kusa da su fiye da yadda suke zato.

Darektan lakwal da kwamitin COGES su san, tun buɗe makaranta, yaran da iyayensu ke fagen daga. Sai dai a yi hattara: wannan sani na cikin ciki ne, ba na liƙawa a bango ba, ba kuma na kiran suna gaban aji ba, don a zamanin nan bayyana gidan soja yana iya jawo masa abin da ba a so. Amfaninsa shi ne, in yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba a aika a tambaya tun kafin ta yi wata, in yaro ya sake hali mushe ya kira shi gefe kafin ya ɗauki bulala. Ƙungiyar uwayen ƴan makaranta ita ta fi dacewa da shiga gida ta yi magana da uwar, don ciwon ɗiya mace na ɗiya mace ne.

Ma'aikacin da ke zaune bayan tebur ya rage faɗin, «Sai uban ya zo.» Yaro da yawa an haife shi, an yi suna, uban yana daji, wa'adin yin takardar haihuwa ya wuce, sai ran jarrabawa a tashi neman hukuncin kotu. Doka ba ta ce uba kaɗai ke iya kai sanarwar haihuwa ba. A bayyana wa uwar hakkinta, a cika mata takarda, a sallame ta. Haka a likita: tun 2006 aka ce maganin yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Kada a dubi matar soja a ce ita ai tana da hali.

Ɗan kasuwa ya san albashin soja yana makara amma yana zuwa. In ya ba da bashin tiya biyar ko sabulu ko littafin rubutu, ya rubuta, ya jira. In zai yi tuni ya yi wa babba. Kalmar nan da ake jefa wa yaro gaban mutane, «Ka gaya wa uwarka ba ni ba da komai sai an biya na baya,» tana zama a zuciyarsa fiye da yunwar. Wanda kuma Allah ya hore wa, ɗaukar nauyin littattafai da rigar makaranta na yaro ɗaya a shekara ba zai girgiza jarinsa ba.

Dangin miji su ji tsoron Allah cikin abin da aka aiko. Hanya mafi sauƙi ita ce sojan da kansa, tun kafin ya tafi, ya zauna da wansa da matarsa ya raba: kaza na gida, kaza na ɗakina, kuma na ɗakin a aika da sunanta. Ana iya yi wa mace katin shaida a Tasawa ko Mayahi. Kyakkyawar magana kafin tafiya ta fi shari'a bayan komowa.

Mata suna da makami a hannunsu. A nan jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, kafin tsarin ya bazu cikin ƙasashen Afirka da dama. Matar soja da aka kawo daga bariki baƙuwa ce a garin mijinta, ba ta da ƙawa, ba ta da wurin aro. A jawo ta cikin asusu. Jikka biyar da za ta ranta kafin kuɗi su iso za su hana a cire yarinya daga aji, zaman mako-mako da ƴan'uwanta mata kuma zai rage mata kwanan zullumi.

Mai gari da liman su tuna da gayya. Yini guda na samarin unguwa ya isa a nome gamanar matar soja. Wanda ke tsaron gonakin jama'a a iyaka, bai kamata tasa ta zama saura ba.

Masu waya kuma su kama hannunsu. Kafin mutum ya tura hoton gawa, ya tambayi kansa: in wansa ne ke kwance nan, zai so ɗansa ya gan shi haka a rumfar caji?

Ga shugabannin soja da gwamnati, buƙatu uku ne, kuma ba su fi ƙarfinsu ba. A tsara yadda wani kaso na albashin wanda ke daji zai riƙa isa hannun iyalinsa kai tsaye kowane wata, bisa yardarsa. A riƙa cika alkawarin canji da na hutu gwargwadon iko, tunda tsawon watanni shi ne babban abin da ke gajiyar da yara. A kuma tabbatar iyali sun ji labari, mai daɗi ko marar daɗi, daga bakin hukuma kafin su gan shi a waya. A Oktoba 2023 aka kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa, wanda talaka da ɗan kasuwa da ma'aikaci duk suka zuba a ciki. Ba laifi ba ne mai zubawa ya nemi a ware wani abu don karatun ƴaƴan waɗanda ke riƙe da makaman da ake saye.

A gaya wa yaro gaskiya

Saura abu guda da ba ya buƙatar ko tamma, amma ya fi sauran wuya, don ya saɓa wa al'ada. Bahaushe ba ya zama da yaro ya yi masa bayani. A ganinsa ɓoye masa shi ne tausayi. Sai a ce, «Baba ya tafi Yamai sayo maka keke.» Yaro kuwa yana jin rediyo, yana jin hirar manya, yana ganin idon uwarsa. In aka yi masa ƙarya sau ɗaya ya gane, ba zai ƙara yarda da «lafiya lau» ba, ko da gaskiya ce.

Abin da ya fi shi ne a gaya masa daidai hankalinsa: Baba yana aikin tsaron ƙasa, wurin da nisa, wani lokaci babu waya, shirun ba yana nufin wani abu ya faru ba, kuma in akwai labari a gida zai fara ji. A bar shi ya yi tambaya. In uban ya kira, a ba shi wayar ko na rabin minti ne, kada manya su cinye lokacin duka. In akwai rezo, saƙon murya da uba zai aiko da sunan kowane yaro abu ne da za su yi ta saurare har ya komo. Kaka ko baffa ya sa shi cikin addu'ar bayan magariba, don yaron da aka ba abin yi ya fi wanda aka bari da tunani. Kada kuma a ɗora wa ɗan shekara goma rawanin da ya fi kansa, a ce, «Yanzu kai ne maigida.» Shi yaro ne, a bar shi ya yi wasa.

Ran komowa ma tana son shiri. Na goyen da aka bari ya yi wayo bai san fuskar ba, zai gudu bayan uwarsa yana kuka. Yarinyar ta saba yanke shawara da kanta. Shi kuma uban ya ga abin da ba zai iya faɗa ba: ƙarar salansar babur tana firgita shi, barcinsa kaɗan ne, fushinsa kusa. In ba a gargaɗi yara ba sai su ɗauka su ne suka yi laifi. In ba a gargaɗi uban ba sai ya ɗauka an raina shi a gidansa. Hutun kuma gajere ne; kafin a saba, mota ta tsaya a bakin hanya. Dattijon da zai ja kowane ɓangare gefe ya ce a yi haƙuri, a bi a hankali, ya yi babban aiki. In firgitar ta daɗe, a nemi likita, ba abin kunya ba ne.

Hausawa suka ce ɗa na kowa ne. Ana yawan faɗin haka ran suna da ran gaisuwar mutuwa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai watanni masu tsawo da yaro ke zaune bakin hanyar Damagaram yana duban kowace motar soja da ta wuce. Wanda ke da niyyar shafa kansa, yanzu ne lokaci, tun ubansa yana da rai, ya komo ya tarar da ɗiyarsa a aji, ɗansa da ƙoshin lafiya, gonarsa a nome.

Allah ya tsare masu tsaron ƙasa, ya maido su gida lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.